Kebul mai ƙwaƙwalwa: Abin da ke hana kwamfuta jin maganar inbata da dikoda

A garuruwan kudancin Kano irin su Rano da Kibiya da Dawaki, sola ta daɗe da samun gindin zama. Da ita masu shagon cajin waya ke neman abinci, da ita gidajen kallon ƙwallo ke haska wasa, da ita ake jawo ruwa daga rijiyoyin burtsatse, kuma da ita masu kemis ke sanyaya firjin magani.

Wannan ya buɗe wa matasa ƙofar sana'a. Bayan tsofaffin hannu masu saita dish da dikoda, yanzu ga masu haɗa sola da gyaran inbata.

A jakar da yawa daga cikinsu akwai wani kebul da ba a cika kula shi ba sai ranar da ya ƙi aiki. Bakinsa ɗaya na USB ne, wanda ake sokawa a laftof. Ɗaya bakin kuma yana da faɗi, da haƙora tara a jere biyu, biyar a sama huɗu a ƙasa. Shi ne ake kira kebul ɗin siriyal ko RS-232.

Da shi ake yi wa dikodar da ta sume fulashin, ake karanta bayanan inbata ko a sauya mata manhaja. Irinsa ne kuma ke haɗa kwamfuta da manyan ma'aunan kaya, da wasu firintocin rasit, da wasu na'urorin gwajin jini.

Ranar da ya ƙi aiki, zargi kan faɗa kan na'urar. Sai a ce inbata ta ƙone ko dikoda ta mutu, mai kaya ya biya kuɗin mota zuwa Kano, wani lokacin ma ya sayi sabuwa. Alhali sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau. Maganar da ke tsakanin kwamfuta da kebul ɗin ce ta yanke.

Harsuna biyu da ba sa jin juna

RS-232 tsohon tsari ne. Ƙungiyar masana'antun lantarki ta Amurka, EIA, ce ta fito da shi a farkon shekarun 1960, tun kafin a san kwamfutar tebur. USB kuwa sai a 1996 ta bayyana. Tsakaninsu akwai fiye da shekara 30.

A tsarin siriyal, bayanai na tafiya ne ɗaya bayan ɗaya a kan waya guda, kamar mutanen da ke bin siririyar hanyar gona. Waya uku sun wadatar: ta aikawa, ta karɓa, da ta ƙasa wadda ɓangarorin biyu ke auna ƙarfin wuta da ita. A kan bakin mai haƙora tara na ɓangaren kwamfuta, haƙori na 2 ne ke karɓa, na 3 ke aikawa, na 5 kuma shi ne ƙasa.

Babu wata waya da ke sanar da lokaci. Don haka dole ɓangarorin biyu su yarda da gudu ɗaya tun kafin su fara, kamar mata biyu masu lugude a turmi guda. Idan ɗaya ta kauce wa kari, taɓare ne za su yi karo.

Ana auna wannan gudu da abin da ake kira bod. A tsarin da aka fi amfani da shi, kowane harafi na cin bit goma: ɗaya na sanar da farawa, takwas na saƙon kansa, ɗaya na rufewa. Ke nan a gudun 9600 haruffa 960 ne ke wucewa a daƙiƙa ɗaya. Inbatocin da ke aiki da manhajar WatchPower, irin su Axpert, suna magana ne a gudun 2400, wato haruffa 240 kacal a daƙiƙa.

USB ba haka take ba. Tsarinta ya fi kama da zaman fada: kwamfuta ce sarki, kuma babu na'urar da ke buɗe baki sai an ba ta izini. Bayanai na tafiya ne a ƙunshe-ƙunshe, kowane ƙunshi da adireshinsa. Yawancin waɗannan kebul suna aiki a matakin USB mai gudun bit miliyan 12 a daƙiƙa.

Tunda harsunan sun sha bamban har haka, haɗa waya da waya ba zai yi komai ba. Dole a samu tafinta.

Tafintan da ke ɓoye a cikin roba

Idan aka fasa robar da ke bakin kebul ɗin, za a tarar da 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da ba ta kai farcen yatsa ba, irin wadda masu gyara ke kira IC. Ita ce ke karɓar ƙunshin USB ta warware shi, ta jera bit ɗin ɗaya bayan ɗaya zuwa ga na'ura. Abin da na'urar ta amsa kuma ta tara shi a ɗan rumbunta har kwamfuta ta zo tambaya.

Kamfanoni huɗu ne suka fi shahara wajen ƙera ta. Akwai FTDI na birnin Glasgow a Birtaniya mai FT232R. Akwai Prolific na Taiwan mai PL2303. Akwai Silicon Labs na jihar Texas a Amurka mai CP2102. Sai WCH na birnin Nanjing a China mai CH340, wadda arharta ta sa ta cika kasuwa.

Kowacce da yarenta. Umarnin da ke sa FT232R ta koma gudun 9600 ba shi ne CH340 ke ganewa ba. A nan ne direba ke shigowa.

Direba a harshen kwamfuta ba mutum ba ne. Wata ƙaramar manhaja ce da ke zama tsakanin babbar manhajar kwamfuta, irin su Windows ko Linux, da wata na'ura takamaimai. Sunan ya dace da ita: fasinja ya faɗi inda za shi, direba ne ya san inda zai taka da inda zai murɗa.

Abin da ke faruwa da zarar an soka kebul

Cikin ƙiftawar ido abubuwa da dama ke gudana. Da farko ƙwaƙwalwar kebul ɗin tana ɗaga ƙarfin wuta a ɗaya daga wayoyin bayanai na USB, alamar cewa baƙo ya iso. Kwamfuta ta gani, ta ba shi adireshi, sannan ta tambaye shi ko shi wane ne.

Amsar na ɗauke da lambobi biyu masu muhimmanci: VID, lambar kamfani, da PID, lambar samfur. FT232R kan amsa da 0403 da 6001. PL2303 ta asali 067B da 2303. CH340 kuwa 1A86 da 7523, CP2102 kuma 10C4 da EA60.

Windows sai ta duba cikin direbobin da take da su ko akwai wanda ya yi rajistar waɗannan lambobi. Idan babu, kebul ɗin zai bayyana a shafin Device Manager da alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa. Idan akwai, sai a ɗora direban, shi kuma ya ƙirƙiri wata ƙofa ta ƙarya mai suna COM3 ko COM7 ko makamancin haka.

Ana ce mata ta ƙarya ne domin tsofaffin kwamfutoci, tun daga IBM PC ta 1981, suna da ƙofar siriyal ta gaske, kuma manhajoji sun saba neman ta da sunan COM1 ko COM2. Direban yana yi wa manhaja shigar waccan tsohuwar ƙofa, ta yadda manhajar fulashin da aka rubuta shekaru da dama da suka wuce ba za ta san akwai USB a tsakani ba.

Daga nan aiki ya kasu biyu. Idan manhaja ta ce a saita gudu, direba na mayar da buƙatar zuwa umarni a yaren ƙwaƙwalwar, ya aika ta hanyar da USB ta keɓe wa umarni. Ƙwaƙwalwar sai ta raba bugun agogon cikinta har ta samu gudun da aka nema. Shi kuma saƙon kansa yana bin wasu hanyoyi biyu na daban, ɗaya ta fita ɗaya ta shiga.

Tunda kebul ba ya magana sai an tambaye shi, kwamfuta kan riƙa leƙa shi ba ƙaƙƙautawa ko yana da abin faɗa. Ƙwaƙwalwar FTDI, misali, idan bayanan da ta tara ba su cika ƙunshi ba, takan jira har kashi 16 cikin 1000 na daƙiƙa kafin ta miƙa su. A ido wannan ba komai ba ne. Amma akwai tsofaffin na'urori da ke yanke magana idan amsa ta yi jinkiri, shi ya sa direban FTDI ya ba da damar rage wannan jira a cikin saitinsa.

Ranar da direba ya juya wa kebul baya

Duk abin da ya samu kasuwa, masu jabu na biye da shi. An daɗe ana ƙera ƙwaƙwalwar bogi da ke amsa sunan FTDI ko Prolific, tana faɗin lambobinsu domin ta ci moriyar direbobinsu. Mai saye ba ya iya bambancewa, sau da yawa ma mai shagon da ya sayar masa bai sani ba.

A watan Oktoban 2014 masu harkar lantarki a ƙasashe daban-daban suka fara lura cewa na'urorinsu na mutuwa bayan Windows ta sabunta kanta. Bincike ya nuna cewa sabon direban FTDI da aka rarraba ta Windows Update yana aika wani umarni da ƙwaƙwalwa ta gaske ke yin biris da shi, ta bogi kuwa ta bi. Sakamakon shi ne lambar PID ta jabun takan koma 0000.

Da wannan lamba babu direban da zai sake gane kebul ɗin, ko da an kai shi wata kwamfutar. Ba ƙonewa ya yi ba, sunansa aka goge.

Abin ya tayar da ƙura, domin waɗanda suka sha wahalar ba masu ƙera jabun ba ne, masu saye ne da ba su ji ba ba su gani ba. Kamfanin, ƙarƙashin shugabansa Fred Dart, ya janye direban a cikin watan. Masu kula da Linux kuma suka ƙara lambar 0000 cikin jerin da direbansu ke karɓa, domin kebul ɗin da abin ya shafa su ci gaba da aiki.

A farkon 2016 batun ya dawo da sabon salo. Wannan karon direban bai taɓa lambar ba. Idan ya gano jabu, sai ya riƙa cusa rubutun "NON GENUINE DEVICE FOUND!" a madadin bayanan gaskiya, wato yana shelar cewa ya ci karo da kayan bogi.

Prolific ta bi wata hanyar. Sababbin direbobinta suna ƙin tayar da jabu da kuma wasu tsofaffin samfuranta na gaske. Wanda ya taɓa ganin Code 10 a Device Manager, ko saƙon da ke cewa an daina PL2303HXA tun 2012 kuma a tuntuɓi wanda ya sayar, wannan ne ya gani. Samfurin PL2303TA kuma direbansa kan sanar cewa ba ya aiki da Windows 11.

Wannan na ƙarshe ya shafi masu gyara kai-tsaye. Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma mutane na ta komawa Windows 11. Kebul ɗin da ya yi shekaru yana aiki zai iya tsayawa rana ɗaya, ba don wani abu ya same shi ba, sai don an sauya laftof ko an sabunta ta.

Ba kullum laifin direba ba ne

Akwai lokacin da direba ya hau lafiya, COM ta fito, amma na'ura ta yi gum. A nan akwai wurare huɗu da ya kamata a duba.

Na farko shi ne ƙarfin wuta. RS-232 na gaske yana amfani da wuta mai juyawa sama da ƙasa da sifili, tsakanin bolt 3 zuwa 15 ta kowane ɓangare. Ƙwaƙwalwar kebul kuwa bolt 3.3 ko 5 take fitarwa. Kebul mai kyau na da ƙwaƙwalwa ta biyu, irin dangin MAX232, da ke daidaita wannan. Wasu masu arha ba su da ita, don haka su yi aiki da wata na'ura su ƙi wata.

Akasin haka ya fi haɗari. Ƙananan alluna na USB da ake jonawa kai-tsaye a jikin allon na'ura, waɗanda ake kira TTL, ba a yi su don wutar RS-232 ba. Haɗa su da ita na iya ƙona su, haka ma jona RS-232 a ƙafafun allon da ke aiki da bolt 3.3.

Na biyu shi ne jerin wayoyi. Bakin wannan dole ya fuskanci kunnen wancan. Shi ya sa dikododi da yawa ke buƙatar kebul na tsakiya da aka gicciye haƙori na 2 da na 3 a cikinsa, wanda ake kira null modem. A waje kamarsa ɗaya da wanda ba a gicciye ba, sai an auna da mita ake ganewa.

Na uku shi ne kamannin rami. Inbatoci da na'urorin cajin sola da dama suna da rami irin na wayar intanet, amma abin da ke cikinsa RS-232 ne ko ɗan'uwansa RS-485, kuma kowane kamfani da yadda ya jera wayoyinsa. Wasu ma akwai wuta a wasu haƙoran. Soka kebul ɗin wani kamfani a na'urar wani, ko jona ramin da laftof kamar na intanet, ganganci ne.

Na huɗu shi ne lambar COM. Ƙwaƙwalwar FTDI na da lambar shaida tata ta kanta, don haka Windows kan tuna ta ko a wane rami aka soka. CH340 da PL2303 da yawa ba su da ita, saboda haka sauya rami na iya sauya lambar. Wasu tsofaffin manhajojin fulashin kuma ba sa ganin lamba mai girma. Ana iya mayar da ita ƙarama a saitin ƙofar cikin Device Manager.

Gwajin minti biyar kafin a hau motar Kano

Kafin a yanke wa inbata ko dikoda hukunci, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi.

A soka kebul ɗin shi kaɗai, a buɗe Device Manager. Idan babu abin da ya motsa, a gwada wani ramin USB. Idan ya fito da alamar gargaɗi, a shiga Properties, a zaɓi Details, sannan Hardware Ids. A nan za a ga VID da PID, kuma su ne ke faɗin kamfanin da za a nemi direbansa, ba rubutun da ke jikin kwali ba.

Idan COM ta fito, a ɗauki 'yar waya a haɗa haƙori na 2 da na 3 na bakin kebul ɗin, ba tare da an jona shi da wata na'ura ba. A buɗe manhaja irin PuTTY a kan wannan COM, a danna haruffa. Idan suna dawowa a allo, kuma suka daina da zarar an cire 'yar wayar, to direba da kebul suna jin juna. Saura a duba gudu da jerin wayoyi.

Idan ana ganin haruffa barkatai marasa ma'ana daga na'ura, wannan alama ce mai daɗi: tana raye, tana magana, yawanci gudun ne bai zo ɗaya ba.

Wanda ba shi da laftof a kusa zai iya wannan gwaji da wayar Android mai karɓar OTG. Manhajoji irin Serial USB Terminal suna ɗauke da nasu direbobin na waɗannan ƙwaƙwale huɗu. Haka Linux tana zuwa da direbobinsu a ciki, inda kebul kan bayyana da sunan ttyUSB0. Kebul ɗin da Windows ta ƙi amma ya yi aiki a waya, matsalarsa ta direba ce.

Sai batun wuta lokacin fulashin. Fayil mai girman megabayit 4 a gudun 115200 zai ci aƙalla minti shida kafin ya gama wucewa. Idan wuta ta ɗauke ko kebul ya motsa a tsakani, na'urar na iya zama da rabin manhaja. Don haka a tabbatar laftof na da caji, dikodar ma tana kan wutar da ba za ta yanke ba.

Inda ake samo direba ma abin lura ne. Shafukan da ke alƙawarin sauke kowane irin direba kyauta sun yi ƙaurin suna wajen cusa manhajojin cutarwa, kuma direba na aiki ne a can cikin zuciyar kwamfuta, inda ɓarna ke da wuyar gyara. Kamfanonin nan huɗu duk suna ba da direbobinsu kyauta a shafukansu. Mai aiki a ƙauyen da sabis ke wahala gara ya sauke su tun yana gari, ya adana a filashi.

Me ya sa tsohon tsari ya ƙi mutuwa?

Tambayar da ke zuwa a rai ita ce, me ya hana kamfanoni watsi da siriyal gaba ɗaya? Amsar ita ce sauƙi da arha. Kusan kowace ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke sarrafa inbata ko dikoda ko ma'auni tana zuwa da sashen siriyal a jikinta. Yana buƙatar 'yar manhaja kaɗan kafin ya tashi, shi ya sa idan babbar manhajar na'ura ta lalace, sau da yawa ƙofar siriyal ce kaɗai ke rage a buɗe.

Akwai ƙoƙarin rage wahalar direbobi. Tsarin USB na da wani yare na bai-ɗaya ga irin waɗannan na'urori, mai suna CDC, kuma tun daga Windows 10 kwamfuta na ɗora masa direba da kanta ba tare da an sauke komai ba. Sababbin na'urori da dama sun koma kansa. Sai dai inbatoci da dikododin da ke gidaje da shaguna yanzu za su ɗauki shekaru suna aiki, kuma da tsohon harshe suke magana.

Saboda haka mai zuwa sayen kebul a kasuwar Farm Centre ko Sabon Gari gara ya tafi da laftof ɗinsa ko wayarsa, ya gwada a gaban mai shago, ya duba lambobin da kebul ɗin ya faɗa. Wanda sana'arsa ta dogara da shi kuma ya riƙe guda biyu masu ƙwaƙwalwa daban-daban. Idan direban ɗaya ya yi gardama a gidan kwastoma a Kibiya, na biyun ne zai hana a ɗaure inbata mai lafiya a bayan babur.